Baƙon da ke cikin shanun Samba

Ƙanena Yazidu bai taɓa riƙe sandar kiwo ba, ko akuya ya ɗaure sai ta kwance, amma kusan duk garken da ke tsakanin Dakoro da Azagor ya san shanun cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Butik ɗinsa, wato shagonsa, ɗan ɗaki ne na kwano a bakin kasuwar dabbobi, da tebur, da benci, da wani tsohon odinater, injin kwamfuta, da ya saya lokacin da wani biro, wato ofis, ya tashi. Rumfata tana manne da bangonsa, ina sayar da shinkafa da wake. Ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, saboda haka ko da ya yi gemu ban daina sa masa ido ba, kuma kwanon da ya raba mu ba ya hana ni jin abin da ake faɗa a ɗakin.

Asalin sana'arsa zuba wa mutane waƙoƙi da wa'azi a kartin salula, ɗan katin nan na memori. Da satar shanu ta yi yawa a arewa sai ya fito da wata dabara. Kowane makiyayi ya ɗauki hoton dabbobinsa da salula, fuska da ƙaho da tsagar kunne da tambarin wuta, ya kawo karti a jera masa su cikin dosiye ɗaya, wato ma'ajiyar hotuna a kan kartin. In an kore saniya aka gan ta a wata kasuwa, ga hoto, babu gardama. Dabarar ta yi aiki, har an taɓa karɓo wani bijimi a Maradi da ita. Sai dai Fulani sun kafa masa sharaɗi tun farko. Bafillace ba ya gaya wa ko surukinsa yawan shanunsa, balle ya bar su a hannun ɗan gari. Hoto ya shiga inji ya fita, kada ko ɗaya ya kwana a ciki. Yazidu ya rantse musu, kuma ni shaida ce ya riƙe rantsuwarsa.

Cikin masu kawo karti babu wanda ya kai Samba zama a bencin nan. Dogo ne siriri, yana kiwo gaba da Azagor shi da ƙanensa Mumini. Ranar kasuwa sai ya kawo mini man shanu a ƴar kwalba, ya kira ni Adda, wato yaya da Fulatanci, in zuba masa shinkafa in ce Bafillace bai san daɗin yaji ba, shi kuma ya ce mutanen gari ruwan alli suke sha suna cewa nono. Shi da Yazidu kwano ɗaya suke ci. Bai yi lakwal ba, ko harafin boko bai sani ba, amma idonsa na makiyayi ne. In ya kalli ekaran, fuskar injin, sau ɗaya ya san wace saniya ce ke nan, wace ce babu.

Wannan idon ne ya ga abin. Yazidu ya saita injinsa yana nuna har abubuwan da aka ɓoye, saboda akwai wani birus, cutar inji, da ke ɓoye wa mutane waƙoƙinsu, kuma ba ya iya kama shi sai ta haka. To wata ranar kasuwa suna duba hotuna, sai Samba ya miƙa yatsa ƙarshen layi, inda wata ƴar farar takarda dishi-dishi take zaune bayan jar karsanarsa.

Ya ce, “Yazidu, wanga baƙo hwa? Ba cikin shanuna yake ba.”

Yazidu ya ce, “Na inji ne. Sunanshi Thumbs.db. Duk dosiyen da ke da hoto, inji shina yin shi da kanshi, shi aje ƴan ƙananan hotuna ciki don shi riƙa nuna su da sauri.”

“Hotunan mi?”

“Na shanunka mana. Ƙanana ne, ba su kai hwarce ba.”

“Buɗe in gani.”

“Ba ya buɗuwa.”

Ina riƙe da ludayi na tsaya cak. Ƙanena yana da ciwon bayani. Da ya ce datti ne, da an wuce wurin. Amma ya gaya wa Bafillace cewa akwai wani ɗaki cikin kartinsa, shanunsa duka suna ciki, kuma shi mai shanun ba shi da mabuɗi. Samba bai ɗaga murya ba. Ya ce kawai a cire. Yazidu ya danna, baƙo ya ɓace, suka ci gaba da hira.

Kasuwar da ta zagayo Samba ya kawo hoton wani ɗan maraƙi da aka haifa. Ana buɗe dosiye, ga baƙo a wurinsa. Aka cire. Wata kasuwar ya dawo. Samba ya fara zuwa da mutane su gani, kowa ya sa kartinsa, kowa ya tarar da nasa baƙon. Abarci, wani dillalin shanu da ba ya wuce taron mutum uku bai tsoma baki ba, ya mayar da ƙofar butik wurin zamansa, yana cewa shi dai bai taɓa ganin abin da za a kora ya dawo da ƙafarsa ba sai in akwai mai kiransa. Ana dariya, amma ba dariyar da nake so ba ce.

Ran nan kuran, wutar lantarki, yana zuwa yana ɗaukewa, mutane sun yi layi, Samba kuma ya sake miƙa yatsa. Yazidu ya gaji. Ya shiga wani lungu na injin, ya danna sau biyu, sai baƙo ya ɓace. Ya rufe dosiye ya buɗe, babu. Ya zare karti ya mayar, babu. Ya sa na wani, babu.

Ya ce, “To ga shi nan, na cire shi ke nan har abada. Ku bar ni in sha iska.”

Samba ya yi murna har ya saya masa lemu. Da la'asar muna kwashe kaya na tambayi Yazidu ko ya samo maganin abin ne. Ya yi dariya.

“Yaya, ba ya ciruwa. Ce ma inji na yi shi bar nuna shi. Shina nan inda yake.”

Na ce, “Ka kira mutumen ga ka gaya mashi gaskiya.”

Ya ce, “Gaskiya ai ita ta jawo mani wahalar ga. Abin da bai gani ba, ba ya hana shi barci.”

Na zage shi zagin da nake masa tun yana yaro, ya ɗauki tukunyata ya kai mini gida yana tsokanata. Na so in gaya wa Samba da kaina, Yazidu ya roƙe ni kada in mayar da shi maƙaryaci gaban abokinsa a kan abin da bai kai ƙwayar gero ba.

Bayan damina ta ɗauke aka faɗa wa garken Samba. Da rana tsaka ne, a bakin rijiya, ana shayarwa. Mutane a kan moto, wato babur, fuska naɗe, bindiga a kafaɗa. Samba ya tafi neman wata saniya da ta yi baya, Mumini ne ke kan guga. Waɗanda suka ɓuya cikin geza sun ce ɓarayin ba su yi dube-dube ba, kai tsaye suka ware manyan shanu kamar sun san su. Mumini ya riƙe igiyar jan bijimi ya ƙi saki. Suka harbe shi a ciki, bai saki ba. Ɗaya ya sauko daga moto ya sare hannun da adda. Da Samba ya iso, ƙanensa yana kwance cikin taɓon rijiya, hanjinsa a waje, yana neman ruwa ga rijiya a gabansa. A cinyarsa ya cika.

Na yi kuka da na ji, don na san yaron, yana son ƙanzo. Yazidu ya rufe butik ya hau moto har rugar ya yi gaisuwa.

Bayan kwanaki Samba ya shigo gari da kartinsa, yana so a tura hotunan ga dillalan wasu kasuwanni. Aka yi rashin sa'a Yazidu ya tafi bikin suna a Ɗan Gulbi. Abarci ya ja Samba wurin Nafi'u, wanda ke irin wannan sana'a kusa da tasha. Nafi'u da Yazidu tare suka sayi injinansu a biro ɗaya, kuma nasa yana nuna ɓoyayyun abubuwa saboda birus ɗin nan. Abin da ya faru a ɗakin daga bakin Nafi'u na ji shi daga baya. Ana buɗe dosiye, ga shanun da babu su yanzu, ga baƙo a ƙarshen layi.

Samba ya ce, “An cire wanga.”

Nafi'u, da bai san kan zance ba, ya ce, “Ba a cire ba. Sai dai in ɓoye maka shi anka yi.”

Abarci ya tafa hannu ya fita. Kafin magariba babu rumfar shayin da ba ta ji ba: Yazidu yana tara hotunan shanu cikin wani abu da ba ya buɗuwa, ya ɓoye shi, ɓarayi suna gani daga nesa. Wasu garke biyu da aka kora, masu su duka suna da kartin Yazidu. Babu wanda ya tsaya ya ce ai waɗanda ba a kora ba su ma kartinsa gare su. Da Yazidu ya dawo na roƙe shi ya wuce Maradi ya yi kwana biyu. Ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, kuma Samba abokinsa ne, zai nuna masa ya gane.

Ranar kasuwa, hantsi ya ɗaga, na ji kasuwar dabbobi ta yi wani irin shiru. Na leƙo. Samba ne a gaba, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa, sanda a hannu. Bayansa makiyaya da ƴan kamasho da masu kallo, Abarci yana riƙe da wuyan rigar Nafi'u. Na ɗauki muciya na tsaya ƙofar butik.

Samba ya ce, “Adda, ba da ke na zo ba.”

Na ce, “Duk wanda ya zo wurin Yazidu da sanda, da ni ya zo.”

Yazidu ya dafa kafaɗata daga ciki ya ce in bar shi ya shigo. Samba ya ajiye karti a tebur. Yazidu ya sa, ya buɗe. Shanu ne kawai.

Samba ya ce, “Hiddo shi.”

Ƙanena ya dubi Nafi'u, ya dubi taron da ya toshe hasken ƙofa. Ya shiga lungun nan ya danna. Baƙo ya fito. Na ji numfashin mutane ya fita tare.

Samba ya ce, “Ka ce mani ka cire shi har abada.”

“Ba ya ciruwa, Samba.”

“Ka ce ka cire.”

“Na hwaɗi haka don ka bar ni in huta. Na yi kuskure. Amma wallahi babu inda yake zuwa, cikin kartinka yake, kartin kuma shina aljihunka.”

Abarci ya ce a ba Yazidu dama ɗaya, kada a ce an zalunce shi. Ya cire baƙon yanzu gaban jama'a. In ya tafi bai dawo ba, kowa ya kama gabansa. Na ga gumi yana ɗiga daga haɓar Yazidu. Ya san abin da zai faru, ni ma na sani. Ya goge shi. Abarci ya ce ya rufe ya sake buɗewa. Shanu suka jeru a ekaran ɗaya bayan ɗaya, jar karsana ta fito, sannan baƙo ya zauna bayanta.

Yazidu ya ce, “Nafi'u, gaya masu. Kowane inji irin wanga haka yake yi. Naka ma shina yi.”

Abarci ya girgiza wuyan rigar ya ce, “Naka shina yi?”

Nafi'u ya kalli sanduna. Ya ce, “Nawa ba ya yi. Abin da anka sa kawai yake nunawa.”

Yazidu bai zage shi ba. Ya juya wurin Samba, ya tura masa suri, ɗan abin nan da ake turawa a tebur ana dannawa, hannunsa yana bisansa. “To zo ka danna da hannunka. Ni in koma gehe. Ka goge da kanka, ka buɗe da kanka, ka ga ko ni ke kiranshi.”

Samba ya kalli hannun. Ya ɗaga sanda ya sauke a kai. Na ji ƙasusuwan yatsu sun fashe tare da surin. Ihun da Yazidu ya yi, tun yana goye ban ji irinsa ba.

Na kai wa Samba muciya a ƙeya, ta same shi a kunne, jini ya fito. Wani ya make ni a baki da gindin sanda, haƙorana biyu suka zube a harshena. Na faɗi, aka bi ta kaina. Ina ƙasa na ga an jawo Yazidu ta ƙafa, kansa yana bugun dokin ƙofa. Suka ja shi cikin kashin shanu har tsakiyar kasuwa inda ake ɗaure bijimai. Na rarrafa na bi su. Sanduna suna sauka kamar ana sussukar gero, wani ya tuge turke yana dukansa da shi a haƙarƙari, wani mahauci da ya sha zuba waƙa kyauta a butik ɗin nan yana harbinsa da ƙafa a ciki. Yazidu ya rufe kai da hannun da ya rage, aka karya wannan ma. Shanun da ke ɗaure suka firgita suna tsinke igiya. Abarci ya fito da injin a ka, ya ce ga ɗakin ɓarayi nan, ya maka shi a bayan ƙanena, ƙarfen ya tsaga riga da fata.

Na samu na kutsa na kwanta a kansa. Duka biyu ko uku suka same ni a baya, sai aka ɗan ja. Yazidu yana numfashi, bakinsa yana kumfar jini, idonsa ɗaya ya rufe. Na ɗaga kai na ga Samba tsaye a kanmu, jini yana bin wuyansa, yana kuka. Na ce masa, “Samba, kwano ɗaya kuke ci.” Ya ce, “Mumini ma ya ci da shi.” Aka fizge ni ta zane. Sandar ƙarshe ta Samba ce, a tsakiyar kai.

Kafin motar jandarma ta iso fili ya watse, sai takalma da guntayen inji. Muka sa Yazidu a bayan wata mota. Kansa yana cinyata, ina toshe raunin da ɗankwalina, ina kiran sunan da innarmu take kiransa. Ba mu kai asibiti da shi ba.

An kama mutane, na je na faɗi abin da na gani da bakin da babu haƙora. Amma kasuwa guda da ta taru a kansa, ranar tambaya kowa ya ce yana wajen awaki. Dattawa suka rantse Samba bai ɗaga sanda ba. Aka sake shi. Satar shanu kuwa ba ta fasa ba. Kafin sanyi ya fita an kore garke uku, ɗaya ma mai shi ko salula bai taɓa riƙewa ba. Babu wanda ya zo rumfata ya ce ashe. Suna zuwa dai su ci shinkafa, ni kuma ina zuba musu, don da ita nake ciyar da ƴaƴan Yazidu. Na tsane su, kuma ban ɓoye ba.

Nafi'u ne ya gaji masu karti duka. Tun ranar ya saita injinsa ya daina nuna ɓoyayyun abubuwa. Amma bai ƙara bin gaban rumfata ba, sai ya zagaya ta bayan mahauta. Wata rana na same shi a butik ɗinsa shi kaɗai, na zauna a bencinsa ban yi sallama ba. Bai jira na tambaya ba ya fara ba ni labari, har ya ce da ya faɗi gaskiya da gawa biyu za a ɗauka. Na ce na sani, ba hukunci na zo yi masa ba. Abu ɗaya nake so. Duk ranar da Samba ya kawo karti, ya mayar da injin yadda yake a da, ya aiko a kira ni. Ya ce Samba zai kashe shi. Na ce to ya zaɓa, ko Samba da sandarsa sau ɗaya, ko ni a bencinsa kullum har ya mutu.

Ranar ta zo da bazara. Dangin Samba sun yi masa habbanaye, al'adarsu ta ɗaura wa wanda ya rasa garke karsana, ta haihu a hannunsa ya riƙe ƴaƴan ya mayar da uwar. Ya jefa tsohon kartinsa a wuta, ya sayi sabo a Maradi cikin ledarsa, ya ɓare da kansa, ya ɗauki hoton karsanar da kansa. Da na shiga yana zaune, sanda a jingine da gwiwa. Ya gan ni ya miƙe.

Na ce, “Zamna. Kartin ga, Yazidu ya taɓa shi?”

Ya ce, “A'a.”

“Wa ya taɓa shi ban da kai?”

“Ba kowa.”

“To ba mai taɓa shi. Nafi'u, tashi ka koma bakin ƙohwa, ka sa hannuwanka bisa kai.”

Nafi'u ya yi. Na nuna wa Samba ramin da ake sa karti, ya sa da kansa. Na tura masa suri. Ya kalle shi ya ƙi taɓawa.

Na ce, “Irin wanga ne Yazidu ya miƙo maka. Ɗora hannunka.”

Ya ɗora. Hannun da ya saba da igiya da sanda, ga shi a kan ɗan abin roba. Na gaya masa inda zai kai, na gaya masa ya danna sau biyu, don na sha ganin ƙanena yana yi. Dosiye ya buɗe. Karsana ta fito, fara mai baƙin kunne, hotonta na gaba da na gefe. Muna kallo, babu hannun kowa a kan injin sai nasa, ƴar farar takarda ta fito a ƙarshen layi.

Samba ya juya ya dubi Nafi'u, ɗaya hannun ya kai kan sanda. Nafi'u yana tsaye hannu a ka, fitsari yana bin ƙafar wandonsa.

Na ce, “Shina can nesa. Goge shi da kanka.”

Na nuna masa, ya goge. Ya rufe, ya buɗe. Ya dawo. Ya sake gogewa ba tare da na ce ba, ya buɗe, ya dawo. Ya yi ta yi, yana dannawa da ƙarfi har tebur yana motsi, ni kuma ban hana shi ba.

Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, “Wa ke sa shi?”

Na ce, “Hannun wa ke kai?”

Ya ɗaga hannun ya kalle shi. Nafi'u daga bakin ƙofa ya ce, “Nawa shina yi, Samba. Tun ranar da munka saye su shina yi. Tsoro na ji.”

Samba bai waiwaye shi ba. Ya zame daga benci ya zauna a ƙasa, rawaninsa ya kwance bai gyara ba. Na daɗe ina jiran wannan ranar, ina zaton in na ga haka zan ji sanyi a ƙirjina. Ban ji komai ba sai gurbin haƙorana da harshena ke taɓawa, da son in ga ƙanena ya leƙo ta kwano ya ce in zuba masa da ƙanzo.

Samba ya ce, “Adda.”

Na ce, “Kar ka ƙara kirana haka.”

Ya ce, “Ina anka sa shi? Ina so in tahi in tsaya kanshi.”

Na ce, “Ranar da anka kai shi, mutanen da sunka bi gawar ba su cika sahu ɗaya ba. Ni kuma mace ce, ba a bar ni na bi ba. Ban san wane kabari ne nashi ba. Ka tahi maƙabarta ka bi su ɗaya ɗaya, kai mai idon gane naka.”

Na fito na bar shi a ƙasa, kartinsa yana cikin inji, karsanar da baƙon suna kan ekaran. Da na isa rumfa wake ya kama a gindin tukunya, ga mutane suna jira da kwanoninsu. Na kankare na zuba musu haka nan.